Tarin da na ɗauka na hunturu ne: yadda na zaga daga kemis zuwa asibitin ƙirji

Kowace shekara da zarar iska ta juyo daga arewa maso gabas, hazo ya lulluɓe Kano har mutum ya tsaya a Ƙofar Mazugal bai hango kan Dala sosai ba, ni ma tarina yakan dawo. Na saba da shi kamar ɗan cin rani: ya sauka a watan Disamba, ya tattara ya tafi idan zafi ya fara leƙowa. Malamin makaranta ne ni, gidana a Ɗorayi, wurin aikina a can gefen Hotoro, kullum kuma a kan babur nake keta garin tun bakwai saura na safe, lokacin da jaura ke yankan kunne. Don haka da tarin ya zo a tsakiyar Disamban 2024 ban ko ɗaga kai ba. Maiɗakina ta haɗa mini shayi mai citta da kanumfari da masoro, na riƙa shan zuma da lemon tsami, ina shafa man zafi a ƙirji. Hajiyarmu ta aiko da tazargade a yi mini sirace, tare da saƙon cewa a gaya wa "wannan yaron" ya daina alwala da ruwan randa. Ni ne ɗan fari, har yau ba ta kama sunana.

Sai na faɗi yadda ɗakinmu yake a lokacin, domin daga baya shi ya zama rabin labarin. Tagogi a rufe ruf, mun cusa tsummoki a ƙasan ƙofa. Bayan sallar isha'i maiɗakina takan shigo da kaskon gawayin da ta gama girki da shi, a ajiye a tsakar ɗaki yara su ji ɗumi, ta barbaɗa turaren wuta a kai. Idan an ji motsin sauro a ƙara da maganin sauro na igiya. Darduma mai gashi shimfiɗe bango zuwa bango, bargunan da muka ciro daga saman sif kuwa ko shanya su ba mu yi ba. A ganinmu mun gama da sanyi.

Da aka shiga mako na biyu tarin ya ƙi sauka, sai na bi hanyar da kowa ke bi, na tsaya a kemis ɗin unguwa. Yaron shagon bai tambaye ni komai ba in ban da "da majina ko babu?" Ya ƙirgo mini kafso na kwana biyar, da maganin tari na kwalba, da wasu ƙananan farare da ya zuba a leda babu suna, ya ce suna buɗe ƙirji. Na biya wajen naira dubu huɗu da ɗari biyar. Gaskiya kwana uku na ji sauƙi sosai, har na yi masa addu'a. Ranar da ƙwayoyin suka ƙare tarin ya dawo da ƙarfinsa, ya ƙaro da abin da ban saba ji ba: idan dare ya raba, wajen ƙarfe uku, sai in farka ƙirjina a ɗaure, numfashina yana fita da wani siririn sauti kamar kukan ɗan kyanwa. Na koma, ya canza mini kafso, ya ƙara allura uku. Wata dubu shida ta tafi. Har na tambaye shi maganin tari mai kodin, wanda na san yana kwantar da tari, ya ce tun 2018 gwamnati ta haramta shi, ba ya ajiyewa. A wannan kam ya kyauta mini.

Daren wata Juma'a a cikin Janairu abin ya kai intaha. Ranar hazo ya yi kauri har rana ta zama kamar farin faranti, na dawo gida gashin idona fari fat. Wajen ƙarfe biyu na tashi zaune, na kasa kwanciya, na kasa haɗa kalma uku ba tare da na tsaya neman iska ba. Maiɗakina tana ta "Malam, ka yi magana mana," ni kuwa hannu kawai nake ɗaga mata. Maƙwabcinmu mai adaidaita sahu ya fito da bargo a kafaɗa ya kai mu wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kwana a buɗe. Nas ɗin da ke aiki ta maƙala mini wani abu a yatsa mai nuna yawan iskar da ke cikin jini, ta duba, ba ta ce komai ba, ta jawo na'urar da ke mai da magani tururi ta ɗaura mini a hanci da baki. Cikin minti goma sha biyar na ji kamar an kwance igiya daga ƙirjina. Aka sake yi mini sau ɗaya, aka ba ni ƙwayoyin prednisolone na kwana biyar, muka biya dubu goma sha biyu. Kafin mu fita ta ce, "Malam, wannan mun kashe wutar ne kawai. Tarin da ya wuce mako biyu ba na kemis ba ne. Ranar Litinin ka je babban asibiti a yi maka gwajin tarin tibi da hoton ƙirji." Kalmar tibi ita ta hana ni barci sauran daren, ba ciwon ba.

Ranar Litinin na yi kuskuren farko. Na tsaya na karya, na biya makaranta na nemi izini, na isa babban asibitin gwamnati tara saura. Ashe masu wayo tun bayan asuba suke zuwa su ajiye takalmi ko dutse a layi. Na tarar da rumfar jira cike, kowa a duƙunƙune cikin rigar sanyi da hula, tari yana tashi ta kowace kusurwa kamar ana amsa wa juna. Na bi wani dogon layi kusan minti arba'in, da na isa taga aka ce nan ta masu tsohon kati ce, sabon zuwa sai ya fara biya a wurin mai karɓar kuɗi ya kawo rasit. Babu allon da ya faɗi haka, ko kuma akwai ƙura ta cinye rubutun. Wurin biyan ma layi ne, kuma ranar na'urarsu ba ta da sabis, sai tsabar kuɗi. Na fita bakin ƙofa wajen mai POS na ciri dubu goma ya yanki ladansa, na dawo na biya dubu ɗaya na kati da fayil. A ɗakin kati suka tambayi suna, shekaru, unguwa, lambar waya da sunan wanda za a nema idan wani abu ya faru. Suka ba ni ɗan ƙaramin kati mai lamba, fayil ɗin kuwa ba a ba ka shi a hannu, masinja ne ke kwasar su da yawa ya kai wa nas-nas. Wannan ɗan katin shi ne kai a asibitin. Wani dattijo da ke gabana ya ɓatar da nasa, sai da ya sake biya aka buɗe masa sabon fayil, duk bayanansa na baya suka bi ruwa. Tun a wurin na ɗauki hoton nawa a waya.

Sha ɗaya ta wuce kafin a kira ni wurin awo. Aka auna nauyina da zafin jiki da hawan jini. Da na ce tari nake yi kusan wata guda, sistar ta miƙo mini takunkumi, ta sa alama a fayil ɗina, ta ce in koma benci na waje inda iska ke kaɗawa. Na ji abin a raina, don mutane sun bi ni da kallo. Daga baya na gane gata ta yi mini da sauran jama'a, domin masu dogon tari ana ware su ne a gaggauta ganinsu, kuma ƙwayar tibi ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri. Da na san haka, tun a ƙofa zan faɗa, da ban yi awa biyu a cikin cunkoso ba.

Likitar da na gani matashiya ce, ga gajiya a fuskarta, amma ta yi mini tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mini. Kana zufa da dare? Ka rame? Akwai jini a kakin? Akwai mai irin wannan tari a gida ko a ajinku? Duk na ce a'a. Sai ta juya: da wane lokaci ya fi tsananta, kana jin ƙara a numfashi, ya taɓa faruwa a damina, kana yawan atishawa da ƙaiƙayin ido, akwai mai asma a danginku? Na ce kakata ta wajen uba an ce tana da fuka. Ta yi murmushi ta ce wannan kalma tana rikita su kullum, domin tsofaffi da yawa asma suke nufi da fuka, a rediyo kuwa tarin fuka tibi ke nan, kuma cuta biyu ne da ba su haɗa hanya ba: ɗaya ƙwayar cuta ce da ake ɗauka, ɗaya kumburi da tsukewar hanyoyin iska ne da ba a ɗauka. Ta sa abin sauraro a bayana, ta ce in ja numfashi. Sannan ta tambayi magungunan da na sha. Nan na yi kuskure na biyu, don ban zo da ko kwali ɗaya ba. Da na kwatanta mata ƙananan fararen nan, ta ce da alama irin su dexamethasone ne, masu danne kumburi na ɗan lokaci, waɗanda idan aka ɗauke su abin sha kullum suna tada suga da hawan jini, su kumbura fuska, kuma idan da tibi a jiki su ba ta filin yaɗuwa. Ta rubuta takarda uku: gwajin kaki, hoton ƙirji, da gwajin jini. Duka ganin bai fi minti goma ba, bayan jiran awa huɗu.

Ɓangaren masu tibi yana can ƙarshen asibitin, ɗan gini shi kaɗai. A nan ne kawai ban ciro ko sisi ba. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, kuma jami'in wurin ya nanata mini cewa duk wanda ya nemi kuɗi a kansa in dawo in faɗa masa. Ya ba ni 'yar roba mai murfi da sunana a jiki, ya ce kaki ake so daga can cikin ƙirji, ba yawu ba. In kuskure baki da ruwa, in fita fili nesa da mutane, in ja dogon numfashi sau uku sannan in yi tari da ƙarfi. Na yi ta fama a bayan ginin, abin da ya fito yawu ne zalla, ya duba ya girgiza kai. Ya ce in tafi da robar, gobe da asuba kafin in ci komai in gwada, na safe ya fi fitowa. Ya bayyana mini cewa na'urar da ake kira GeneXpert cikin kamar awa biyu take gama aiki, har ta nuna ko ƙwayar mai bijire wa magani ce, amma samfura suna da yawa, ga matsalar wuta, don haka in ba su kwana biyu. Na wuce ɗakin hoto aka ce an rufe karɓar na ranar. Na koma gida bayan la'asar, ko ruwa ban sha ba tun safe.

Talata na gyara. Ƙarfe shida da rabi ina asibitin da robata a leda, da ruwan ɗumi a fulas, da canjin kuɗi a aljihu. Na miƙa kakin, na biya dubu bakwai na hoto da dubu huɗu na jini, kowanne da rasit ɗinsa, kuma kowane rasit sai an buga masa hatimi kafin a karɓa. A ɗakin hoto aka ce in cire riga da singileti da duk wani ƙarfe, in manna ƙirji a jikin wani faranti mai sanyin ƙanƙara, in riƙe numfashi. Wanda zai je a hunturu ya sa rigar da ke da sauƙin cirewa, ni sai da na kwaɓe huɗu, mai hoton yana jira yana dariya. Hoton ya fito a ranar, amma bayanin likitan hoto sai washegari. Kwana biyun nan na jiran sakamako su ne mafi tsawo. Na ƙaura falo, na ware kofina da cokalina, abin da jami'in ya ce mini daga baya ba shi da amfani, tunda ta iska ake ɗaukar tibi ba ta kwano ba. Ƙaramar 'yata ta zo za ta hau cinyata na hana ta, ta tafi tana kuka. Na riƙa lissafin wata shida na shan magani, da yadda zan fuskanci shugaban makaranta da iyayen yara.

Alhamis sakamako ya fito: ba a ga ƙwayar tibi ba, hoton ƙirji kuma babu tabo. Na yi hamdala a tsaye a bakin tagar. Na ɗauka shi ke nan, ashe saura. Likitar da na tarar ranar daban ce da ta farko, ta karanta fayil, ta ce alamu duk na asma ne, ta rubuta mini inhela, wato maganin da ake fesawa a baki a shaƙa, mai ruwan bula ta buɗe ƙirji, ta kuma ba ni takardar turawa zuwa asibitin ƙirji, wanda likitocinsa ke zama rana ɗaya tak a mako. Takardar ba ta isa ba, sai ka kai ta ɗakin kati an rubuta sunanka a littafin ranar. Na ga mutum biyu da suka zo ranar da takarda a hannu ba su yi rajistar ba, aka ce su dawo wani makon. A kantin maganin asibitin babu inhelar, sai a waje na samu, dubu takwas da ɗari biyar. Mai kantin ya ce tun da kamfanin da ya fi kawo ta ya tattara ya bar ƙasar a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Ya nuna mini wata ta Indiya mai sinadari iri ɗaya, salbutamol, da ta fi araha. Na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, amma tsoro ya sa na ɗauki mai tsadar. Daga baya likita ya ce da na ɗauki ɗayar ma babu laifi.

Ranar asibitin ƙirji ita ce ranar da na fahimci ciwona. Likitan babba ne, mai furfura, da ɗalibai biyu a tsaye a bayansa. Ya miƙo mini wani bututu mai ma'auni ya ce in cika ƙirji in hura da iya ƙarfina sau uku. Mafi yawan abin da na kai 310. Ya sa na shaƙi inhela, na jira minti goma sha biyar a waje, na sake hurawa, ya kai 400. Ya juya ga ɗalibansa ya ce wannan tashin shi ne shaidar: hanyar iskar da ta tsuke ta kuma buɗe da magani. Sannan ya ce in nuna masa yadda nake shaƙa. Na fesa a baki kamar turare, hayaƙin ya fito ta gefe. Ya ce, "Malam, mako guda kana yi wa harshenka magani." Ya koya mini: a girgiza, a fitar da numfashi, a kama bakin da leɓe, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe kamar daƙiƙa goma. Ya ɗauko robar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta daidai bakin inhela, ya ce in fesa a ciki in shaƙa ta bakin robar, maganin ya fi isa huhu, kuma ga yara da tsofaffi wannan dabara ta fi komai. Ya ƙara mini inhela ta biyu mai ruwan ƙasa, beclomethasone, safe da dare ko ina jin lafiya, in kuskure baki bayan kowace shaƙa don kada farin ƙuraje su fito a harshe. Ya ce mai bula 'yar kwana-kwana ce, mai ruwan ƙasa ita ce ke hana gobarar tashi, kuma duk wanda ke neman mai bula fiye da sau biyu a mako ciwonsa bai kwanta ba. Na gaya masa abin da ake faɗa a gari, cewa wanda ya fara inhela ya zama bawanta. Ya ce ya fi shekara ashirin yana jin wannan magana, kuma waɗanda ake kawo masa a sume galibi masu gudun inhelar ne.

Daga nan ya ce in kwatanta masa ɗakin kwanana. Ina faɗar kaskon gawayi ya ajiye biro. Ya ce wannan ya wuce maganar asma, maganar rai ce. Gawayi idan yana ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita, mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Irin ta ce ke fita daga janareta. Na tuna safiyoyin da dukkanmu muka tashi da ciwon kai muka ce sanyi ne, jikina ya mutu. Game da ƙurar kuwa ya ce yawancinta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki, iska ta kwaso ta ta ratso Barno ta sauke mana. Laushinta ya sa take wuce gashin hanci ta kai can cikin huhu, ga iskar a bushe tana busar da maƙogwaro, ga hayaƙin shara da tayoyin da ake ƙonawa a bakin titi don jin ɗumi. Wannan ba ni da iko a kai. Amma gawayi da turare da maganin sauro da dardumar da ta sha ƙura, ni na kai su ɗakina da hannuna.

Gyaran gidan ya fi shan maganin wuya, don sai da aka yi ta lallashi. Maiɗakina ta yarda da fitar da kasko nan take, da na faɗa mata maganar likita har hawaye ta yi. Turaren wuta ne aka kai ruwa rana, ta ce ɗakin mace babu turare ai kango ne. Muka daidaita a kan ta riƙa yi da hantsi bayan na fita, ta buɗe tagogi kafin in dawo. Muka naɗe dardumar muka sa leda, shara ta koma goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, barguna aka wanke aka shanya a rana. Gidan sauro ya maye gurbin igiya. Kuɗin da da za su tafi a gawayi na kai Ƙofar Wambai na sayo wa yara rigunan sanyi na gwanjo da safa da huluna, muka gane cewa riga biyu marasa kauri a haɗe sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi. Hajiya ta zo duba ni ta tarar da taga a ɗan buɗe da dare, ta ce za mu kashe mata jikoki. Na yi mata bayani, ta saurara, ta ce, "To, likita ya fi ni karatu, amma a sa musu hula." Ruwan alwala kuwa ita ta ci nasara, fulas guda aka ware masa.

A kan babur na daina dogaro da naɗa rawani a fuska. Yana tare sanyi, amma siririyar ƙurar tana ratsa shi, sai na koma sa takunkumi mai kauri irin na ma'aikatan asibiti a ciki, rawanin a sama. Idan na ji a rediyo hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ƙura, nakan bar babur in hau adaidaita, inhela a aljihun gaba. Na koyi shan ruwa ko ban ji ƙishi ba, don sanyi yana ɓoye ƙishirwa alhali iskar tana tsotse jiki. Wanka da ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba, a shafa man kaɗanya tun jiki bai gama bushewa ba. Fason da ke tsaga mini dunduniya duk shekara ya rufe da jiƙa ƙafa da dare, a shafa basilin, a sa safa. Ɗana mai yawan haɓo a hunturu, likitan ya ce a riƙa ɗan shafa masa basilin a bakin hanci, idan jinin ya zo ya sunkuyar da kai gaba a matse hancin minti goma, ba a ɗaga kai sama ba yadda muka saba. Ya kuma ja kunnena a kan magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke tada asma ga wasu, ya ce in tsaya a farasitamol.

Da na zauna na haɗa lissafi, abin da na kashe a kemis da asibitin dare ya haura dubu ashirin da biyu, kuma bai gaya mini abin da ke damuna ba. Kati da hoto da gwajin jini gaba ɗaya dubu goma sha biyu ne. Da zan sake, ranar da tari ya cika mako biyu zan tafi, in isa kafin bakwai, da tsabar kuɗi da canji, da kwalayen duk abin da na sha, da abin karyawa, in kuma faɗa wa nas ta farko tsawon lokacin da na yi ina tarin. Zan tambayi kowace taga abin da ke biye kafin in bar ta, domin babu mai faɗa maka sai ka tambaya. Wanda kuma numfashinsa ya kai ga ba ya iya gama magana, ko leɓensa ya canza launi, ko ya shaƙi mai bula bai ji sauƙi ba, wannan ba ya jiran Litinin ko layin kati, ɗakin taimakon gaggawa zai nufa ko ƙarfe nawa ne. Haka mai sikila da tsoho da jariri, sanyin da wani zai shanye da shayi su yana iya kwantar da su.

Na koma bayan mako biyu na hura 470. Komawa ta uku ta faɗo a ƙarshen Fabrairu, saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, hazo ya fara sakin gari, rumfar jira ta rage cika. Na hura 520. Na tambayi likitan yadda zan yi da inhela a Ramadan. Ya ce mai ruwan ƙasa ba ta da matsala, in shaƙa da sahur da bayan buɗa baki. Mai bula kuwa hukuncinta in tambayi malamai, don sun yi saɓani a kai, amma a matsayinsa na likita idan ƙirji ya ɗaure da rana kada in tsaya jiran magariba. Na ce to yanzu da sanyi ya wuce in ajiye maganin? Ya ce a'a, in ci gaba har wata uku a ga yadda jiki zai yi, shi ne zai rage mini da kansa. Ya jawo katina ya rubuta ranar dawowa, sannan a ƙasa ya ƙara wata ranar a farkon Nuwamba, ya ja mata layi biyu. Ya ce wannan ta kafin iska ta juyo ce, kada in bari sai ta riga ni zuwa.